Lafiyar Gaisuwa da Lafiyar Ƙarƙashin Ruwa

Ko zan manta da komai, ban ga ranar da zan manta da Asabar ɗin da na ja yayana muka je koyon nutso da tukunyar iska ba.

Wani ɗan ƙabilar Tibi ne ya kawo abin garinmu Lafia. Ya daɗe yana aikin nutso a bakin teku, da ya dawo sai ya riƙa koyar da masu sha'awa a wurin ninkaya na wani otal. A waya na gani, kwaɗayi ya kama ni. Yayana manomin doya ne a Kwandere, ya iya ninkaya tun muna yara a rafi, shi ya sa na lallaɓa shi ya raka ni. Amma ku san halinsa tukuna: bai taɓa yarda ba shi da lafiya ba. Ranar da mashin ya kayar da shi ƙafa ta karye, yana kwance a ƙasa ana yi masa sannu, cewa yake, "Lafiya lau, da sauƙi."

Malamin ya goya mana tukwanen, nauyi kamar buhun masara. Ya ba mu gilashin fuska, da takalman roba masu kama da ƙafar agwagwa, da wani abu da ake cizawa a baki a shaƙi iska ta tiyo. Sannan ya tsayar da mu yana bayani da Hausarsa ta kasuwa.

"Oga, ku ji ni da kyau. Ƙasan ruwa babu magana, hannu ne baki. In na haɗa yatsa biyu kamar zobe, ina tambaya ne, lafiya? In lafiya, ka mayar mini zobe. In akwai wahala, ka karkaɗa tafin hannu. Kunne zai matse, ka kama hanci ka hura kaɗan. Kuma abeg, kar ka riƙe numfashi. Wanda ya riƙe iska ya taso da gudu, huhu zai iya fashe."

Maganar fashewar huhun nan ta zauna mini a ciki. Na dubi yaya, shi ko a jikinsa.

A wurin da ruwa bai wuce ƙirji ba komai ya tafi daidai. Sai malamin ya ja mu ɓangare mai zurfi, muka sauka a hankali har muka durƙusa a ƙasa. Kunnena ya matse, na hura yadda aka ce, ya buɗe. Malam ya yi mini zobe, na mayar. Ya yi wa yaya, yaya ya mayar da sauri, har da gyaɗa kai. Malam ya juyo yana duba agogon da ke nuna sauran iskar tukunyata.

Nan ne na sake duban yaya. Ni kumfa sai tashi take daga bakina tana ɓulɓul, amma a bakin yaya shiru, ko ɗigo. Hannunsa ɗaya na dafe da kunne. Ruwa ya shiga gilashinsa, kuma ruwan ya yi ja-ja. Idanunsa a waje, irin fuskar nan ta ranar mashin. Ya riƙe numfashi, abu ɗaya da aka ce kada a yi.

A gidanmu ƙani ba ya ƙaryata yayansa a gaban baƙo. Wallahi ko a ƙarƙashin ruwa sai da wannan ya riƙe mini hannu na ɗan lokaci, don da bakinsa, ko in ce da yatsunsa, ya ce lafiya. Amma tsoro ya fi ƙarfin kunya. Na damƙi hannun malam, na karkaɗa tafina, na nuna yaya.

Daidai lokacin yaya ya doki ƙasa da ƙafa zai yi sama a guje. Malam ya cafko ɗamarar tukunyarsa, ya riƙe shi gam yana bubbuga masa ƙirji, yaya na ta fizge-fizge. Ni dai salati nake a zuci. Can sai ga kumfa ta ɓarke daga bakinsa. Suka taso sannu a hankali, ina bin su a baya.

Da muka fito, jini na bin hancinsa yana tari. Malam ya cire gilashi ya ce, "Baba, me ya sa ka ce mini lafiya? Kana so ka mutu a hannuna?"

Yaya ya share hanci ya ce, "To malam, mutum ya tambaye ka lafiya, me za ka ce masa?"

Na so in yi dariya, sai ga hawaye. A asibiti aka ce kunnen ya kumbura, amma huhu Allah ya kiyaye. Duk hanyar komawa abu ɗaya ya ce mini: "Ka kunyata ni." Na ce na ji, na yarda.

Ni na ci gaba da koyo, shi bai sake taka wurin ba. Abin da ranar ta koya mini shi ne, "lafiya lau" a bakinmu sau da yawa gaisuwa ce ba labari ba, don haka in kana son mutum, kada ka tsaya a amsar farko. Bara na kira shi a waya, na ji muryar ba daidai ba, ya ce lafiya lau. Na ce, "Yaya, ta gaisuwa ko ta ƙarƙashin ruwa?"

Sai ya ce, "Ta gaisuwa ce. Zo ka kai ni asibiti."