Ranar da Aka Ara wa 'Yata Kakanni

Har gobe ban yafe wa manhajar nan ta aika kuɗi ba, kuma kada wanda ya zo ba ni haƙuri. Ɗana ne ya sa mini ita a waya, yana ta zuba cewa wasu samari masu ilimi ne suka ƙirƙiro ta, har an yi hira da su a talabijin, wai za su haɗa Afirka duka a tafin hannu. Na ce to, Allah ya sa.

Sai ga ranar da na buƙace ta. 'Yata tana aure a wani ƙauye kusa da Burao, ƙasar Somaliya, inda ta bi mijinta bayan an rushe mana gidaje a unguwar Nakkasa, nan Makka. Ta kira ni da hantsi. Naƙuda ta zo da gardama, ungozoma ta ce sai asibiti, mijin yana can bakin teku wurin aiki, mai mota kuma ba ya tashi sai ya ga kuɗin mai.

Na danna manhajar. Ta ce in ɗaga niƙabi ta ga fuskata, na ɗaga. Ta ce in ƙifta ido, na ƙifta kamar wata mahaukaciya. Ta karɓe kuɗin, sannan ta rubuto mini "ana dubawa". Da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka da kaina na karanta, ban ji daɗin iya karatun ba ranar. Na kira lambarsu, aka sa mini kiɗa.

"Ummi, yi haƙuri, sabon kamfani ne," in ji ɗana.

"Ƙanwarka ma sabuwar haihuwa ce za ta yi. Ba ni hanya."

Na ja abaya, na nufi gidan uwar mijin, nan Rusaifa bayan gidan burodi. Basomaliya ce doguwa mai sayar da turaren wuta. Da Larabci muke magana, kowa da irin nata karyayye. Ban gama bayani ba ta sa takalmi.

"Ya Hajja, wa ya aike ki wurin yara? Taho."

Ta kai ni shagon wani dattijo ɗan ƙasarsu mai sayar da atamfa. Babu allo, babu hoton kowa a bango, sai wata ƙaramar waya mai madannai wadda ko ɓarawo ba zai kalla ba. A hanya ta gaya mini lokacin da ƙasarsu ta zauna ba gwamnati ba banki, 'yan kasuwarsu ne suka kafa turakun waya da kansu, har ta kai mai raƙumi a daji da waya ake biyansa.

Dattijon ya karɓi lambar 'yata, ya tambaya, "'Yar gidan wa ce?" Haka suke yi: a jero sunan uba da kaka da kakan kaka, yadda ko lamba ta kuskure, mutanen can za su san ƙofar da za su buga.

Mu Hausawan Makka ne, kakana da ƙafa ya zo hajji ya zauna. Wa ya san shi a Burao?

Surukata ta dafa kafaɗata. "Tamu ce. Sa ta a gidan ubana." Ta shiga jero sunaye kamar mai jan carbi, dattijon yana gyaɗa kai. A wani suna ya yi dariya ya ce ashe ma dangin matarsa ne.

Ta ba da kuɗin daga lalitarta. Ba mu gama shan shayin da ya zuba mana ba wayata ta yi ƙara. 'Yata ce, tana cikin mota, ina jin ƙarar inji. Ta ce da wayar ta biya direba, kuma wani da ba ta taɓa gani ba ya kira ya ce matarsa na jiran ta a ƙofar asibiti.

Bayan la'asar aka ce mace ce, uwa da ɗiya lafiya. Surukata ta rangaɗa guɗa irin tasu, na rangaɗa irin tamu, har maƙwabta suka leƙo. Manhajar kuwa tana nan tana dubawa.

Washegari na dama kunun gyaɗa, na cika kwano, na tafi gidan surukata. Na zauna a kan tabarma na ce, "Ya Hajja, maimaita mini sunayen nan a hankali. Jikata tana da kakanni, sai na haddace su."