Baƙar Gyadar Mairama

Duk Kurfi babu wanda bai san Mairama mai ƙuli ba. Ƙulinta in ka gatsa sai maƙwabci ya ji ƙara, kuma tun da take ba a taɓa ganin ta zubar da ƙwayar gyada ɗaya ba. Har cewa ake kajin gidanta a maƙwabta suke kalaci.

Tsarinta tun na kaka da kakanni ne. In ta tsince gyada, masu kyau su tafi ƙulin kasuwa, baƙaƙen da suka yi fumfuna kuma ta daka wa 'ya'yanta miya.

Zamanin Shagari aka turo wani duba-gari daga Dutsin-Ma, Malam Gidiyon, dogo kamar gwangwala. Da ya shiga gidan Mairama, ya leƙa randa, ya leƙa kwata, ya yaba. Zai fita ke nan ya hango ƙwaryar baƙar gyada a gindin turmi.

"Inna, wannan fa?"

"Ta miyar gida ce, ɗan nan. Ko za ka tsaya a zuba maka?"

Gidiyon ya tsuguna, ya ce likitoci sun yi bincike sun gano fumfunar gyada dafi gare ta, a hankali take cin hanta har ta zama ciwon daji.

"To ai dafawa nake!"

"Wuta ba ta kashe shi, Inna."

Mairama ta dubi autarta Kyauta da ke suɗe tukunya. Wato shekara da shekaru tana ba mutanen kasuwa lafiya, tana ba nata cuta. Amma a ce ta zubar da gyada? Ita Mairama?

"Sai in ba kaji."

"Kajin ma hanta gare su."

"Kai, wannan yaro! Akuya fa?"

"Inna..."

Ta harare shi. Can sai ta suri ƙwaryar ta juye a murhu, ƙarƙashin kaskon tuya. Gyada mai maiƙo ta kama ci bal-bal, mai ya hau tafasa.

"Ka gani? Ban zubar ba. Itace na yi da ita."

Tun daga ranar nan, miyar gidan da zaɓaɓɓiyar gyada ake yi. Ranar kasuwa kuwa duk matar da ta zo sayen ƙuli sai ta sha wa'azin hanta kafin a miƙa mata, ko tana so ko ba ta so.