Surukin Ƙwari

Ana gab da samun 'yancin kai na shiga ajin yaƙi da jahilci, lokacin 'yata ta fari tana goye. Da safe ina fawa, da la'asar ina fama da baƙaƙe. Wata rana malaminmu ya gayyato wani duba-gari da madubin likita mai ƙara girman ƙananan abubuwa, aka ce in zo da ruwan tumbin saniya. Na kawo a kwano, aji duka ya toshe hanci.

Duba-garin ya ɗiga kaɗan a gilashi, na kafa ido a madubin. Wasu halittu na gani suna kai da komo kamar ranar kasuwa. Mu mahauta ba ma sayen sa sai mun ji garken da ya fito. Don haka na ɗago na ce, "Malam, waɗanga mi ne asalinsu?"

Aka fashe da dariya. Mai sayar da atamfa da muke benci ɗaya ya ce, "Aure za ka nema gidansu?" Daga ranar na zama Surukin Ƙwari. Ko nama ya zo saye sai ya ce, "Surukai sun tashi lahiya?" In yanka masa namansa, amma sunan yana ci mini rai.

'Yar nan ta girma, ta karanta ilimin halittu a jami'a. Rannan sai ga ta a mahauta da kwalba, tana neman ruwan tumbi. Na tambaye ta na mene ne.

Ta ce, "Baba, kowace ƙwayar halitta tana da 'yan injina masu ƙera furotin, ana ce musu ribosom. Kowanne ɓari biyu ne, babba da ƙarami. A ƙaramin akwai wani zare, RNA, mai jinkirin sauyawa. In an karanta shi aka gwada, ana gane wa ke dangin wa."

"Mu ma muna da shi?"

"Kai, da saniyar, da ƙwarin tumbinta. Akwai dangantaka ta nesa."

Ko hannu ban wanke ba na nufi rumfar mai atamfa, yau dai zan rabu da sunan nan. Na zayyana masa komai, na ƙare da cewa ƙwarin nan har shi danginsa ne.

Ya shafa furfurarsa, ya gyara zama.

"To ashe ɗiyarmu ka aura," in ji shi. "Tuɓe takalmi ka durƙusa ka gaishe ni."

Maƙwabtan rumfa suka taso kallo. Na tuɓe.