Ɗakin Baba Haruna Na Saman Bene

Ina cikin motar haya ta unguwar Faisal a Alƙahira bayan la'asar Maryam ta kira ni tana kuka: "Yaya Sabo, Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mahaifinta, Baba Haruna, mutumin Daura ne. Ya fi shekara talatin yana gadin wani tsohon bene a Wustul Balad, tsakiyar birnin Alƙahira, irin masu dogayen baranda da lif mai ƙofar tagulla. Ɗakinsa yana can saman rufi. Ɗalibin da ya sauka Alƙahira bai san kowa ba, a nan yake fara shan shayi. Ni ma sati biyu na yi a tabarmarsa. In ya ga ɗayanmu ya tokare bango da takalmi sai ya ce, "Sauke ƙafarka, ginin nan ya girmi kakanka."

Duk abin da ya ɓalle a benen, mariƙin lif ne ko gilashin taga mai launi, yana naɗe shi a buhu ya tura ƙarƙashin gado. Mukan tsokane shi, "Baba, kasuwar Ataba za a kai a sayar?" Ya ce, "Ajiya ce, masu ita na tafe."

Da wani kamfani ya sayi benen don ya mai da shi otal, injiniyansu ya hau har sama, ya ci tuwon Iya, matar Baba. A gabana ya ce, "Ammu Haruna, ɗakinka naka ne har ƙarshen rayuwarka." Baba ya kwance masa buhunan nan duka. Na ce a rubuta alkawarin, ya harare ni: "Wanda ya ci tuwonka ba a ce masa sa hannu."

Ana gama gyara aka canja makulli. Ma'alish, wato a yi haƙuri, kawai aka ce masa. Wata bakwai ya yi a ɗakin haya a Faisal, bai ƙara ambaton benen ba.

Bayan jana'iza na je wurin. Sabon mai gadi ya tare ni a ƙofa, amma ta gilashi na hango ƙaton hoton Baba a bango, yana riƙe da ƙofar lif yana murmushi. Sun ba hoton wuri, mai hoton sun kore shi. Wallahi har yau raina bai huce ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya ba Iya da Maryam haƙurin rashinsa. Ya Allah, ka ba shi ɗaki a Aljanna, wanda ba mai canja masa makulli. Amin.