Ƙanƙara a Rufin Karafan ɗin Kakata

Ba zan iya rantsewa a kan duk abin da zan faɗa ba. An ɗan kwana biyu, kuma labarin ya sha maimaici a gidanmu har ni da aka yi abin a gabana nakan yi shakka. Abin da na tabbata shi ne lokacin zafi ne, kuma ban daɗe da gama jami'a ba.

A lokacin ana gyaran tsohon gidanmu na unguwar Misfala a Makka, aka rasa inda za a ajiye kakata. Gwaggona tana da shagga, wato sashen gida, a saman wani dogon bene, amma Kaka ta ce ba za ta zauna inda sai an shiga akwatin ƙarfe kafin a taka ƙasa ba. Baffana kuwa yana da karafan, motar nan mai ɗaki da gado a ciki, wadda yake fita bayan gari da ita lokacin sanyi. Ya ajiye ta a farfajiyar gidansa a unguwar Hindawiyya, ya jona mata wuta, Kaka ta tare. Tsofaffin unguwa suna leƙowa ana shayi. Na daɗe ban gan ta cikin walwala irin wannan ba.

Sai mukayyif ɗin, wato na'urar sanyaya ɗakin da ke manne a rufin motar, ya fara hali. Da safe lafiya lau. Wajen La'asar sai iska ta ɗauke, ciki ya yi zafi, ruwa ya riƙa ɗiga ta gefen murfinsa. Wata rana ya jiƙa mata darduma. Gwaggo ta zo ta tarar da ita tana gumi, ga roba an tara a tsakiyar ɗaki.

"Halas, ya isa haka, Inna," in ji Gwaggo. "In bai gyaru ba zuwa Juma'a, ɗaukar ki zan yi. Zafin Makka ba abin wasa ba ne."

Sai Kaka ta juyo kaina. "Maigida, ba kai ne ka yi jami'a ba? Ko matarka za ka bari a kai ta sama kamar tantabara?"

Na ce mata tarihi na karanta. Ta ce to ai mukayyif ɗin ma tsoho ne.

Baffa ya kira mai gyara. Ya zo da safe, ya hau rufi, ya auna, ya ce gas ɗinsa cike yake, ba abin da ya same shi. Ina jin gaskiya ya faɗa, don a wannan sa'ar babu abin da ya same shi ɗin. Wannan ne ya tsaya mini a rai. Da yamma na kwance murfin ciki, na ga abin da har yau yake ba ni mamaki: ƙanƙara fara fat ta lulluɓe ƙarafunan, alhali a waje ko hannu ba ka iya ɗorawa a jikin motar. Ruwan da ke ɗiga ashe ita ce take narkewa, ta fi ƙarfin ɗan farantin da ke tare ta.

Na yi karance-karance a waya, na fahimci, in dai na fahimta daidai, cewa na'urar tana shaƙar iskar ɗaki ta ragar da ke tsakiya, ta sanyaya ta, ta huro ta gefe. In iskar da take shaƙa ta yi kaɗan, sanyin sai ya tsaya a jikinta ya daskare. Na zaro ragar. Ta yi baƙi-baƙi, tana danƙo, tana ƙamshi mai daɗi. Turaren wutar Kaka ne, wanda take sawa a kasko safe da yamma. Na wanke ta da sabulu, na shanya, na mayar, na kuma yi gangancin cewa da Baffa ina ganin an gama.

Washegari da La'asar ƙanƙara ta dawo.

Na rasa abin yi. Sai na lura duk zuwan da nake yi, ko da safe ne ko bayan abin ya riga ya faru. Ban taɓa ganin tsakiyar ba. Ranar Laraba, ko Alhamis, na yi sallar Azahar na dawo na zauna a bakin ƙofa.

"Yau kuma gadina za ka yi?" in ji Kaka.

"Mukayyif nake gadi."

"Kishiya ka yi mini ke nan."

Ta ci abinci, ta wanke hannu. Sannan ta miƙe, da yake doguwa ce kuma rufin karafan ba shi da tsawo, ta ɗauko wani tsohon mayafi mai kauri, ta maƙale gefe-gefensa da abin matse shanya a jikin kabad ɗin sama, ya zama rumfa daidai ƙarƙashin na'urar. Ina kallo tsakiyar mayafin ya tashi a hankali ya manne wa ragar, kamar an ɗora masa hannu a baki. Ƙarar injin ta sauya.

"Kaka, wannan fa?"

"Sanyi. Kana so ya shiga mini gwiwa ina barci? Haka uwata ta rasa ƙafa."

Kullum take yi in za ta yi ƙailula, ta cire in ta tashi, ta ninke. Ba ɓoyewa take ba. Ba wanda ya tambaye ta ne, ita kuma ba ta ga haɗin mayafi da ruwa ba. Baffa kuma, don tausayi, ya murɗa na'urar zuwa ƙarshen sanyinta tun ranar farko.

Na san in na ce ta daina, za ta ce to, gobe ta sake. Sai muka yi ciniki. Na juya mahuran iskar suka kalli ƙofa, na rage sanyin, na ɗaura igiya daga bango zuwa bango, mayafin ya sauko ya zama labule tsakaninta da na'urar. Turare kuma a yi shi a bakin ƙofa. Wannan ne ta fi ja da shi, kuma ina zargin ba kullum ta kiyaye ba, don duk lokacin da na wanke ragar ina jin ƙamshi.

Ranar Juma'a Gwaggo ta zo da La'asar. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon rufi, ta shafa darduma, ta leƙa robar. Babu komai a ciki. Ta zauna ta karɓi shayi. Kaka ta ci gaba da zama a karafan har aka gama gyaran gida.

Baffa yana cewa shi ne ya fara ganin mayafin, Gwaggo kuma ta ce ba ta taɓa sa wa'adin Juma'a ba. Mai yiwuwa ni ne na cakuɗa. Duk wanda ya sha shayi a farfajiyar nan a wancan zafin, in ya tuna abin ba yadda na faɗa ba, don Allah ya aiko mini in gyara, musamman launin mayafin. Ni kore nake gani, amma ba ni da tabbas.