Kurɓin da Mama Dinah Ta Yi a Gonata

Uwata Dinah ta fi shekara talatin tana dafa burukutu a Dabai, kuma duk wanda ya ce maka akwai wadda ta fi ta hannu daga nan har Manga, ƙarya yake yi. Ni ne Japhet, ɗanta na fari. Jar dawa take jiƙawa, ta baza a inuwa tana yayyafa ruwa har ta yi tsiro, ta shanya, a niƙo, ta dafa, ta bari ya yi tsami, ta sake dafawa, ta tace, sannan ta zuba ɗan ragowar tsoho don sabon ya tashi. In mata suka zo koyo, ba ta barin su kwankwaɗa.

"Ke, ruwan rijiya ne? Sansana tukuna. Kurɓi kaɗan, ki riƙe a baki. In zaƙi ya yi yawa bai nuna ba, in ya kashe miki haƙora ya wuce."

Da aka zaɓe ni dattijon ikilisiya, sai sana'ar nan ta tsone mini ido. Na hana ta sakat, kullum wa'azi, har ta miƙe gaban jama'a ta yi alkawari ta bar dafawa, ta bar sha. Aka karɓe ta a zumuntar mata, aka ba ta zanen ƙungiya, ta zama mai buga musu tulu in ana waƙa. Ban taɓa ganin abin da ya faranta mata rai kamar wannan ba. Shekara uku ba ta karya alkawarin ba.

Sai wata damina ciyawa ta ci ƙarfin gonata. Na je wurin Dawuda, shugaban 'yan gayya, na ce zan dama musu kunu. Ya fashe da dariya.

"Kunu? Kai wa masu jego, Dattijo. Ba burukutu, ba fartanya."

Na sami Mama tana tsinkar zogale. Na ce, "Mama, ki dafa mini, sau ɗaya tak. Ai ba sha za ki yi ba." Ta dube ni ta ce, "To." Da hanci kawai ta yi wannan dahuwar, ko ɗigo bai taɓa harshenta ba.

A wurinmu ba a shan abin gayya sai mai gona ko wadda ta dafa ya fara kurɓa a idon kowa, don a tabbatar ba a sa komai a ciki ba. Kada in ce na manta, ban manta ba, fata na yi a bar zancen. Ana kawo tulunan burukutun bakin gona Dawuda ya cika ƙwarya ya miƙo mini.

"Mai gona, buɗe mana."

Akwai 'yan cocinmu huɗu a cikin manoman. Na mayar da hannuwana baya na ce, "Haba Dawuda, ka san matsayina." Nan take mutane suka fara saɓa fartanya za su tafi. Mama ta zo ta karɓi ƙwaryar, ta sansana, ta kurɓa, ta haɗiye. Aka yi noma har yamma, gonata ta fita tas.

Kafin Lahadi magana ta kai coci. Dattawa muka zauna, da ni a ciki. Fasto ya tambaya, "Me ya mayar da ita ga burukutu?" Kai, tir da bakina! Cewa na yi, "Na sha yi mata faɗa." Aka yanke mata horon wata shida: ta mayar da zane, ta ajiye tulu, ta koma bencin baya. Da aka kira ta, ko sunana ba ta ambata ba. Ni kuwa duk tuwon da aka yi da dawar gonar nan, da kunya na haɗiye shi.

Wata shida suka cika, aka ce ta dawo cikin mata. Ta ƙi. Ranar Lahadi bayan an tashi na same ta a bencin nan ita kaɗai, na durƙusa.

"Mama, ki yi haƙuri ki koma gaba. Tulunki na jiranki."

Ta gyara ɗankwalinta ta ce, "Bar ni nan, Japhet. In ka hau gaba kana yi wa mutane gargaɗi, gara ina nesa, kada idonmu ya haɗu ka rikice."