Ranar da Muka Yi wa Kaki Guɗa

Laraba ce. Na yi sallar asuba, na hura wutar banda, na jera tarwaɗa a kan waya. Jikata Jummai, tana ƙarama sosai a lokacin, tana bina da ɗan kwanonta. Maigidana Saje yana gindin bishiyar dogon yaro yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Ruwa kwance yake. Abu ɗaya ne idona bai so ba. Igiyar shanyar sojojin da ke gadinmu babu ko singileti, kuma babban jirginsu mai inji ba ya maɗaurinsa.

Na faɗa wa Saje. Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce sintiri suka fita, soja ba ya barin wurin gadi bai sallami mutane ba. Ya tsufa a kaki, ni kuwa ban taɓa taka ƙofar makaranta ba. Na koma kan bandata.

Jummai ce take rubuta wannan, ni nake faɗa. A Sentul muke, wata unguwa can ƙasar waje a ƙetaren teku, a gidan saman ɗana Sani. Dalilin faɗar shi ne wani ɗalibi cikin masu zuwa sayen tuwo wurin surukata. Ya tambaye ni garinmu, na ce tsibiri ne a Tafkin Chadi, Tumbun Kofur. Ya ce ai ya ji labari, mutanen tsibirai da guɗa suka tarbi 'yan bindiga. Na bari ya gama cin abincinsa. To ga amsar.

Kakan Saje ne ya kafa tsibirin bayan ya dawo daga yaƙin ƙasar Bama, can ƙetaren teku, a zamanin Turawa. Ya zo da kwanson harsashin igwa na tagulla, ya rataye shi a bakin ruwa. Tun daga nan kowane gida yana da ɗa a soja. Nawa Bala ne. Kuma muna da al'ada: in aka hango kaki a cikin jirgi, a buga ƙarfen nan, kowa ya ajiye abin da yake yi ya gangara. Mata su yi guɗa, tsofaffin sojoji su saka lambobinsu su jeru. Ba ma tambayar ɗan waye. Duk mai kaki ɗanmu ne.

Haka muka tarbi waɗanda aka turo mana gadi. Mun ciyar da su damina da rani. Shugabansu, wani dogon yaro mai wushirya, Mama yake ce mini. Shi ya karɓe bindigogin tsofaffinmu, ya ce ai ga su nan, me za a yi da harba-ruga. Ranar Talata da magariba na aika masa romon kifi a langata mai jan murfi. Ya aiko a ce mini Allah ya kai mu gobe. Ya san da asuba zai tafi. Bai ce mu kwashe yara ba.

Da hantsi muka ji inji daga gabas. Jirage biyu, duk kaki. Saje ya jefar da koma, ya shiga ɗaki ya fito da lambobinsa a ƙirji. Muna sa ran Bala a watan. Shi da hannunsa ya buga ƙarfen.

Gari ya gangara. Na saɓa Jummai na bi baya, don ƙafata ba ta sauri. Daga kan tudu na ga abin da na gaba ba su gani ba. Yaranmu in sun kusa, cire hula suke yi suna kaɗawa. Waɗannan babu mai ɗaga hannu. Wanda ke goshin jirgi silifa ne a ƙafarsa.

Na kira Saje. Guɗa ta danne muryata.

Injin ya mutu. Wani ya yi tsawa: “Maza gefe! Ku kwanta!”

Tsofaffin ba su kwanta ba. Suna jere, hannu a goshi. Harbin farko ya katse guɗar a tsakiya. Ban taɓa jin shiru irin na ɗan lokacin nan ba. Sai ihu.

Saje ya waigo sau ɗaya. “Kachalla!” Abin da ya ce ke nan.

Na bi ta bayan wurin banda, na sungumi gorar kamun kifi, na faɗa ruwa. Na ɗora Jummai a kan gorar, na toshe bakinta da gefen zanina. Muka kutsa cikin kachalla, doguwar ciyawar ruwa, ganyenta yana yanka mini fuska. Ruwa iya wuyana. Harbi ya yi ta tashi har azahar, daga nan ya koma ɗaya-ɗaya. Na ji ƙaurin bandata tana ƙonewa, sannan ƙaurin rufin ɗakuna. Da la'asar wani ya buga ƙarfen, suna dariya. Matsattsaku sun cika mini ƙafa. Ban motsa ba.

Washegari wani masunci ɗan ƙabilar Buduma ya tsince mu. Bai tambaye ni komai ba. Ya shimfiɗa mu a cikin kwale-kwale, ya rufa mana taru, ya tuƙa har gaɓa.

A gaɓa akwai shingen sojoji. Jirgin nan mai inji yana ɗaure, lafiyarsa ƙalau.

“Hannu sama! Ɗaga zani!”

Na ɗaga. Suka laluba ni, suka laluba yarinya. A inuwar rumfa, shugaban nan mai wushirya yana zaune yana shan shayi. Kusa da takalminsa ga langata mai jan murfi, an zuba sukari a ciki. Na tsaya ina kallonsa har ya ɗago. Ya gane ni. Ya mai da idonsa cikin kofi.

Bala ya samu labari a bakin daga. Ya nemi izinin zuwa binne ubansa, aka hana. Kafin shekara ta zagayo aka aiko mini da jakarsa.

Sani ya ɗauko mu zuwa nan. Ya ce ƙasar Bama da kakan Saje ya yi yaƙi ba nisa daga nan, in ina so wata rana mu je. Na ce me zan gani. A ƙasan gidanmu akwai mai suyar taliya, kullum da hantsi yana ƙwanƙwasa kasko da ludayin ƙarfe. Ƙafata takan miƙe kafin hankalina ya dawo. 'Ya'yan Sani suna dariya, suna tambayata da Turanci ina za ni.

Waɗanda suka jeru a bakin ruwa ranar, ba su dawo ba: Saje. Ƙaninsa Kofur Ɗanlami. Baba Mai Begila, da ido ɗaya. Audu Direba da 'ya'yansa biyu. Talatu, wadda ta fi kowa guɗa. Uwar Jummai, da tsohon ciki.

Jummai ta ajiye biro a nan. Na ce ta ɗauka, da saura.